Ranar Da Muka Shanya Bargon Markus

Litinin, 3 ga Oktoba 2005, da la'asar

Ƙafafuna sun yi tsami amma raina fes. Daga aji shida na wuce coci kai tsaye, ko allin hannuna ban wanke ba, na koya wa yaran ƙungiyar mawaƙa waƙar da za mu yi ranar godiyar girbi. Ni na tsara ta lokacin hutu, kuma na yi 'yar mugunta: na sa mata wani Amin mai tsawon gaske a ƙarshe, murya ɗaya za ta riƙe shi, sauran su riƙa shigowa a ƙarƙashinta. Kowa ya gwada. Joel ya kai rabi ya fashe da dariya. Divine ta kumbura kumatu kamar mai hura wuta, ta sauke ta ce, "Malama Theresa, wannan ai sai mai huhu huɗu."

Sai Leah ta miƙe. Ban so in kira ta ba, kada a ce na fifita 'yar gidanmu, don kowa ya san 'yar yayana Markus ce, a hannuna da na Mama ta tashi tun rasuwar mahaifiyarta. Yaran ne suka tura ta gaba. Ta ɗauki Amin ɗin nan ta tafi da shi, ta tafi, saura ƙiris ta kai sai tari ya tsinke shi. Duk da haka aka yi mata tafi. Ita za ta yi, an gama magana.

A hanya ta ce, "Anti, in Baba ya dawo kafin ranar, a gaba zai zauna ko?" Na ce soja ai a gaba yake zama. Tun watan Afrilu yake Darfur. Na saya mata rake.

Laraba, 5 ga Oktoba, kafin in fita

Leah ta tashi ƙirjinta yana fito kamar an ɓoye ɗan tsako a cikin rigarta. Mama ta ce sanyin ƙarshen damina ne. Ta shafe ta da man zafi, ta ɗura mata zuma da citta, ta ƙara toshe gefen taga da tsumma, ta ja mata bargo har haɓa.

Bargon Markus ne. A ɗakinsa take kwana tun watan Agusta da rufin ɗakina ya yi yoyo muka matsar da gadonta. An gyara rufin tuni, ita ce ta ƙi dawowa. Mama ta yarda ta kwana a can bisa sharaɗin kada ta motsa komai. A gidanmu, tun zamanin Babanmu da ya yi soja kafin Markus, idan soja ya tafi fagen daga ba a taɓa ɗakinsa. Ba a wanke bargonsa, ba a kakkaɓe shimfiɗarsa, ba a fito da ko takalminsa waje, sai ya dawo ya tarar da komai yadda ya bari. Ba mu kaɗai ba, rabin layinmu haka suke yi. Kayan soja ba sa fitowa tsakar gida sai in an kawo labarin ba zai dawo ba, a shanya su a raba wa dangi.

To, na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Kafin ta gama shan koko ƙirjin ya yi shiru, muka tafi makaranta tana ba ni labarin akuyar su Divine.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da yamma

Rediyo ya ambaci Darfur, wai an kai wa sojojinmu hari. Mama ta kashe shi kafin a gama. Na sake tsince waken da na tsince jiya.

Talata, 11 ga Oktoba, da hantsi, a kan bencin asibiti

Da sassafe na sami Leah zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna sama suna ƙasa, ba ta iya haɗa kalma biyu. Ban tsaya ɗaura ɗankwali ba na tare kabu-kabu.

Yanzu tana barci. Mun gode wa Ubangiji. Asma ce, in ji likita. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu Sista Fadima ce, wadda na koyar da ɗanta bara. Tana azumi amma hannunta kamar walƙiya. Ta ba Leah ɗan abin fesawa a baki mai launin shuɗi, inhela, ta nuna mana yadda ake girgiza shi, a fitar da numfashi, a danna a ja a hankali, a riƙe. Ta sa ni na gwada a gabanta ba tare da na danna ba.

"Malama, kin faɗi. Sake."

"Haba Sista, a gaban ɗaliba?"

"Haka kika yi wa ɗana a Lissafi. Sake."

Leah ta yi dariya da abin da ya rage mata na numfashi. Ta raɗa wa inhelar suna Kofur, wai don shi kaɗai ƙirjinta yake jin umarninsa.

Alhamis, 13 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Wannan yarinya! Na je da abinci na tarar ta tara matan ɗakin tana koya musu waƙata. Wata tsohuwa da aka ɗaure wa ƙafa ita ce mai kiɗa da kwanon sha. Ba tari, ba fito, kumatunta sun dawo.

Sista Fadima ta ja ni waje. Ta ce ita ta sha ganin yaron da yake warkewa a asibiti ya koma gida ciwo ya tashi, kuma ba maganin ne ya gaza ba, ɗakin da ya koma ne. Ta tambaye ni hayaƙi, na ce a waje muke girki. Kaji, na ce suna akurkinsu. Kyanwa, ba mu da ita.

"A ina take kwana?"

Na ce a gida. Ta dube ni. Na tambaye ta ko ƙwai yana tayar da asma, muka yi ta maganar ƙwai.

Asabar, 15 ga Oktoba, da yamma

An sallame mu. Mama ta yanka kaza. Ta kai Leah har gado da kanta, ta kunna mata igiyar leƙo don sauro, ta ajiye fitilar ƙwai a kan akwati, ta ja ƙofa. Duk abin da ta yi don ƙauna ta yi shi, ina kallo.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da safe

Ɗan tsakon ya dawo. Kofur ya kore shi.

Talata, 18 ga Oktoba, da la'asar

Darasin Kimiyya na yau shi ne mafi daɗi a wannan zangon. Muna kan iskar da muke shaƙa. Na sa yara suka rufe tagogi duka, muka bar 'yar kafa ɗaya inda rana ta shigo kamar sanda. Na aro matashin kujerar ofis, na ba shi mari ɗaya a cikin hasken. Ajin nan ya ɗauki "Kai!" Ƙura ta tashi tana yawo, tana walƙiya, ta ƙi sauka.

Joel ya ce, "Malama, duk wannan muke ci?"

Na ce ba ci ba, shaƙa. Na gaya musu tsohuwar katifa da bargon da ba ya ganin rana gida ne na wasu ƙwari ƙanana da ido ba ya gani. Bangon da ya sha danshi yana tsirar da funfuna, ita ma tana sakin nata garin a iska. Ga hayaƙin fitila da na igiyar leƙo. Yawancinmu atishawa kawai za mu yi mu wuce, amma akwai masu ƙirjin da hanyoyin iskarsa suke tsukewa da sun haɗu da waɗannan. Na ce ɗaki yana son abu uku, rana da iska da ruwan wanki. Suka maimaita da ƙarfi har malamin aji biyar ya leƙo.

Leah tana layin gaba, tana rubutawa da kyakkyawan rubutun nan nata.

Da na dawo, Mama ta tafi zumuntar mata, na shiga ɗakin Markus. Na daɗe ban tsaya na dube shi da rana ba. Tagar tun Afrilu take a rufe. Jan kafet ɗin da ya kawo daga Laberiya, na ɗaga gefensa, ƙasan ya yi sanyi ya yi baƙi. Bayan akwatin ƙarfe bango ya yi tabo kamar taswira. Takalman but ɗinsa sun yi fari-fari. Warin kafur da danshi ya kama mini maƙogwaro. Na taɓa bargon da yatsa ɗaya kawai, na yi atishawa har hawaye. To, na ce atishawar ce ta kawo su.

Laraba, 19 ga Oktoba, da yamma

Na yi wa Mama magana tana gyaran kuɓewa. Na bi a hankali, na fara da darasin jiya.

"Theresa, karatu ya sa yanzu kina ganin ƙwarin da ido ba ya gani?"

"Mama, rana ɗaya kawai. Mu fito da su, mu wanke, mu mayar kafin magariba."

Ta ajiye wuƙa. Ta koma yarenmu, wanda ba ta yi mini sai magana ta kai magana. Ta ce shekarun da Babanmu ya yi a daji ba ta taɓa ko matashinsa ba, kuma ya dawo da ƙafafunsa. Ta ce in na fito da kayan ɗanta tsakar gida a wannan makon, bayan abin da rediyo ya faɗa, me za ta ce wa mutanen layi, me kuma za ta ce wa kanta?

Sannan ta yanke nata hukuncin. Iskar gari ce ba ta karɓi yarinya ba. In wata ya ƙare ƙirjin bai daina ba, za ta kai ta Manga wurin ƙanwarta, ta zauna can har ubanta ya dawo. Na ce makaranta fa, ga jarrabawar shiga sakandare a gaba, ga waƙa. Ta ce mai numfashi ne yake jarrabawa. 

Na gwada ta wajen Leah. Na ce ta dawo ɗakina, zan bar mata gefen bango da take so. Ta ce to, ta zo, rungume da bargon.

"Anti, ƙamshin Baba yake yi."

Washegari ta koma ɗakinsa da shi.

Lahadi, 23 ga Oktoba, da la'asar, mun dawo daga Dabai

Taron kwana biyu na 'yan matan coci, ni ce jagora. Da ƙyar Mama ta bar Leah ta bi ni, sai da na nuna mata Kofur a aljihuna na kuma rantse ba za ta taɓa ruwan sanyi ba. Bargon bai bi mu ba, don ba ya fita daga gida. Ga amfanin dokar Mama a karon farko.

A ajin wata makaranta muka kwana, kan tabarmi, tagogin ko marfi babu. Iska tana saukowa daga duwatsu ta shiga nan ta fita can. Na kwanta kusa da ita ina jiran ɗan tsako, bai zo ba. Da safe ta riga kowa tashi. Ta yi tsere ta zo ta biyu, ta ci tuwon dawa har ta nemi ƙari, ta bi matan da suke yankan dawa a gonar bayan makaranta sai da na kira ta saboda ƙaiƙayi. Jiya da yamma aka ce kowace ƙungiya ta yi waƙa. Ta riƙe Amin ɗin har ƙarshe, ta ƙara masa ɗan wutsiya don tsokana. Matar fasto ta ce, "Wannan ce kika ce ba ta da lafiya?"

Ko sau ɗaya Kofur bai fito daga aljihuna ba. Murna nake yi, ina kuma jin kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, don yanzu ba sauran wata maganar ƙwai.

Talata, 25 ga Oktoba, da safe

Kofur sau biyu tun dawowarmu. Na gaya wa Mama labarin Dabai. Ta ce ai shi ya sa ta ce Manga.

Laraba, 26 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Na biya shagon Innocent sayen ashana. Shi ne mai wayar da Markus yake kiranmu ta kanta, tana nan a kan teburinsa ƙarƙashin lema. Ban tambaye shi komai ba. Shi ya ce, "Ticha, ba kira tukuna. Amma sabis ɗin can ne ba shi da kyau, kowa ya sani. Ni kaina ƙanena yana Legas, wata guda bai kira ba, Legas fa!"

Ya miƙo ashanar yana murmushi. "Ticha, gidanku kuna sayar da wuta ne?"

Na duba saman kabad da na dawo. Gaskiyarsa, ashana ta yi yawa a gidan nan.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da yamma



An riƙe mu taron malamai. Leah ta riga ni dawowa, ta shiga ɗakin ubanta ta kwanta, ta lulluɓe har kai. Da na iso na tarar da su a gindin mangwaro. Mama ta zaunar da ita a cinyarta, tana danna mata Kofur da hannunta, ita da ta ce ba za ta taɓa wannan abin ba. Leɓen yarinyar ya canja launi. Mama ta ce ta same ta a ƙasa kan kafet, ta ciccibo ta waje don a nemo kabu-kabu, suna zaune a nan sai ƙirjin ya fara sauka kaɗan-kaɗan.

Mun kai ta asibiti duk da haka. An sa mata abin turara magani a hanci da baki, ta dawo daidai, suka ce za ta kwana. Sista Fadima ba ta yi mini faɗa ba. Mama ta gaishe ta, sai ta durƙusa ta ce, "Mama, ku yi haƙuri in tambaya. A ina take kwana?"

Mama ta ce, "A ɗakin ubanta."



Juma'a, 28 ga Oktoba

Leah ta dawo, a falo muka shimfiɗa mata tabarma. Mama ba ta ce Manga ba. Ta aike ni sayen sabulu sanda biyu.

Asabar, 29 ga Oktoba, da yamma, kuma yau sai na cika shafi

Ƙarar jan akwati ce ta tashe ni. Na fito na ga Mama ta ɗaure hancinta da ɗankwali, ta rungumo bargon Markus, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin tsallake rafi. Ta yi addu'a a yarenmu, gajeriya. Sannan ta taka tsakar gida ta yarfa shi a kan igiya.

"Kin tsaya kallona? Kai yarinyar gidan su Divine, kada ta shaƙi wannan abin. Ki dawo ki kama mini kafet."

Na kai ta na dawo a guje. Muka fito da katifa, da matasai, da kakinsa, da but, da akwatin ƙarfe. Muka jera su a rana. Mun shagala da aiki, mun manta gaba ɗaya katangarmu gajeriya ce.

Maƙwabciyarmu Maman Success ce ta fara leƙowa. Ta ga kaki a kan igiya, ta ga Mama ta rufe fuska, ta ga idanuna sun yi ja saboda ƙura. Ta saki bokitinta ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Markus! Wayyo ɗan Mama!" Kafin in buɗe baki ta fita layi da gudu. Na bi ta ina "Tsaya! Tsaya!", atishawa ta hana ni ƙarasawa, ita kuwa ta ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina.

Ba a jima ba gidanmu ya cika. Matan zumunta suka shigo da tabarmi, wata har da tulun kunu. Innocent ya rufe shago ya zo yana cewa, "Amma ba ta wayata aka kira ba, ta ina aka ji?" Sai ga Baba Francis, tsohon sajan na ƙarshen layi, ya sa hularsa ta soja da lambobinsa a kan rigar barci. Ya tsaya a gaban but ɗin Markus ya ƙame ya sara musu.

Na kalli Mama. Abin da take tsoro ke nan tun farko, ga shi ya cika mata gida. Na matsa kusa da ita. Sai ta zare ɗankwalin daga hancinta.

"Wa ya mutu?"

Mata suka dubi kakin da ke kan igiya.

"Na ce wa ya mutu? Ɗana yana bakin aikinsa. Jikata ce take neman mutuwa a cikin ƙurar nan, ni kuma ina gadin ƙura. Wanda ya zo kuka ya koma gida. Wanda ya zo da hannu, ga tsintsiya."

Maman Success ta share hawaye ta ce, "To Mama ai sai ku sanar da mutane, kun sa na zubar da ruwana." Wata ta fara dariya, sai kowa ya ɗauka, har da masu hawaye a fuska. Baba Francis ya sauke hannunsa a hankali, ya sunkuya ya shinshina bargon, ya ja da baya.

"Maman Markus, yaushe rabon wannan da rana?"

"Tun Afrilu."

"Afrilu! A bariki duk Asabar ake shanya bargo. Sojan da na kama da irin wannan, sai ya yi tsallen kwaɗo har ƙofar bariki. Ashe haka kuke yi mana a gida in mun tafi? Shi ya sa da na dawo daga Labanon na yi wata guda ina mura!"

Matarsa ta ce daga baya, "Ka dawo dai, ko ba ka dawo ba?"

Daga nan ya karɓi ragamar aiki, ba wanda ya ba shi. Ya raba mutane rukuni-rukuni. Samari suka kai kafet bayan gida, da muka ga ƙasansa a rana kowa ya yarda ba zai koma ba. Tagar ta ƙi buɗuwa, ya sa mata kafaɗa, ta buɗe da ƙara, wani ƙadangare ya faɗo ya bi ta ƙafafun Maman Success. Aka kankare bango aka wanke da ruwan bilic, aka goge siminti da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, yadda Sista Fadima ta ce. Bargo da zannuwa suka sha ruwan zafi. Kunun makoki kuwa mun shanye shi tas, ya yi daɗi ƙwarai.

Lahadi, 30 ga Oktoba, bayan coci

Ba duka ne dariya ba. Leah ta ɗauko bargon daga igiya ta kai hancinta, ta daɗe, ta ce, "Sabulu yake yi." Ta shiga bayan ƙofa ta yi kuka marar sauti. 

Mama ce ta buɗe akwatin ƙarfe ta ciro kofin silba na Markus, wanda ya lotsa a gefe, da ya zana sunansa a gindi da ƙusa. Ta ce, "Ungo. Wannan ba ya tara ƙura. Da shi yake shan shayi, ki riƙe masa." Bargon kuma ta naɗe ta sa a leda ta mayar akwati.

Da kofin ta sha ruwa, da shi ta sha koko, da shi ta so ta yi wanka na hana.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da hantsi, hutun Sallah

Ɗakin ya bushe, an shafa farar ƙasa, mun bar shi ya sha iska kafin Leah ta koma. Tabarma da sabuwar katifa mai rigar leda, zane mai wankuwa, gidan sauro a madadin igiyar leƙo, tocila a madadin fitilar ƙwai. Taga a buɗe duk yini. Mama da kanta take buɗe ta, tana gunaguni wai sanyi zai kashe mu.

Sista Fadima ta aiko mana da tuwon Sallah da saƙo: kada mu ce an warke, asma ba ta tafiya, kwanciya take yi, Kofur ya zauna a jakar makaranta kullum. Na karɓi saƙon, na karɓi tuwon.

Ba wanda ya ƙara ambaton Manga. Na wuce shagon Innocent ban sayi ashana ba. Na dawo na saya.

Laraba, 9 ga Nuwamba, da safe

Shiru. Na tsaya a bakin ƙofarta ina saurare, ba abin da na ji sai zakaran Baba Francis.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, bayan coci

Gaban coci ya cika da dammunan dawa, da doya, da kabewa, da wani bunsuru da ya ci rabin furannin ado. Leah ta yi Amin ɗinta. Ta kai ƙarshe. Joel bai yi dariya ba. Mama ta zauna a layin gaba ta ajiye jakarta a kujerar gefenta, ba ta bar kowa ya zauna a wurin ba.

Talata, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Muna cin abinci muka ji ana kwaɗa kira tun daga bakin layi, "Ticha! Mama! Ticha!" Innocent ne a guje, waya a sama kamar ya ɗauko garwashi, takalmi ƙafa ɗaya.

Mama ce ta fara karɓa. Ba ta ce komai ba sai sunansa, ta maimaita, ta maimaita, sannan ta miƙo mini ta zauna a kan turmi. Muryar tana nesa, tana yankewa, amma tasa ce. An kai su wani wuri ne da ba waya. Lafiyarsa ƙalau. Ya ce in yi sauri katinsa kaɗan ne, ina Leah?

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta karɓa da hannu biyu.

"Baba, mun wanke bargonka."

Har inda nake na ji dariyarsa. "Sai yanzu?"

"Kuma ni na yi Amin a coci. Ba ka zo ba. Tsaya ka ji."

Ta gyara tsayuwa yadda na koya musu, ta ja iska ta ɗauka. Maman Success ta leƙo ta katanga. Innocent ya cire hula. Amin yana tafiya, yana tafiya, sumul, ba ɗan tsako ba tari. Can na ga hasken wayar ya ɗauke, layin ya yanke. Ba wanda ya gaya mata. Muka bar ta ta kai shi har ƙarshe.

Ta dubi wayar ta ce, "Anti, ya kashe ne?"

Mama ta ce daga kan turmi, "Katinsa ne ya ƙare. Numfashinki ya fi shi tsawo."